Zauren Babanmu da Garin Masu Golf

Tun da aka fara tonon filin da ke bayan gidana a McLeansville, kusa da Greensboro a nan Amurka, ban ƙara samun sukuni ba. Ƙarar motocin haƙa ba ta dame ni ba, kunnena ya daɗe da sabawa da hayaniyar ƙasar nan. Ƙasar da suke tonowa ce ta hana ni sakat. Ja ce jawur, mai danƙo, in an yi yayyafi sai ƙamshinta ya biyo tagar kicin ya same ni ina wanke-wanke, in tsaya da kwano a hannu kamar wadda aka kira sunanta. A garinmu da an ga irin wannan ƙasa da tuni jakuna sun yi layi. Nan kuwa ture ta ake yi gefe kamar shara, a kafa katakai, a naɗe su da leda, kafin ka ce kwabo gida ya tashi an kafa masa allon sayarwa. Na kira jikata ta zo ta shaƙi ƙamshin, ta leƙo, ta yatsine fuska, ta ce mini da Turanci wai taɓo ne. To, na ji, taɓo ne. Amma taɓon nan shi ya tono mini maganar da na yi shekaru ina dannewa, maganar zauren babanmu da ranar da na kai yayana garin masu golf.

Gidanmu cikin Birni yake, a Damagaram, kuma duk wanda ya bi lungunmu a wancan zamani ya san zaurenmu. Kakanmu ya gina shi, Baba ya gaje shi tare da sana'ar gini. Soro ne na ƙasa mai kaurin bango, da zankwaye a samansa suna kallon gari, da indararo da ke watso ruwan damina har tsakiyar lungu, mu yara mu tuɓe mu shiga ƙarƙashi muna ihu. In rana ta take ka shigo daga waje, sai sanyi ya tare ka kamar ka buɗe randa. Nan ake ɗaurin aure, nan ake raɗin suna, ta nan aka fita da gawar mahaifiyarmu. Bangon ciki kuwa Baba ne ya shafe shi da hannunsa, ya bi ɗanyen yaɓen da yatsu yana jan layi-layi tun daga ƙasa har iya inda hannunsa ya kai. Ina yarinya, ko aiken gaggawa aka yi mini, sai na sa yatsuna cikin sawun nasa na bi bangon har bakin ƙofa kafin in fita. Na sha dundu a kan wannan ɗabi'a, ban kuma daina ba.

In damina ta ɗauke aka gama girbi, sai unguwa ta tashi da yaɓe. Tun da sanyin safiya za ka ji jakuna suna shigowa da mangalolin ƙasa, samari suna cuɗa ta da ciyawa, ƙafa na shiga tana fita caɓal-caɓal. Wani yana ƙasa yana cilla curi, wani yana kan bango yana cafewa, suna zolayar juna, ba ka ganin curi ya faɗi. Mu mata namu ɗiban ruwa ne da makuba, wato ɓawon ɗorawa da ake dakawa a jiƙa har ruwan ya yi duhu, a kwaɓa yaɓen da shi don ruwan sama ya riƙa zamewa. Warinta kan kwana biyu a hannu, ko ka wanke da toka. Gayya ce, yau gidanku gobe gidanmu, a ci tuwo a akushi ɗaya a tashi. Baba yakan ce gini ɗan'adam ne, shekara-shekara sai an yi masa sabuwar riga, wanda ya bar nasa tsirara shi ya so. Yau a nan maƙwabcina na kusa ban san sunan matarsa ba, in rufin gidana ya yi yoyo waya zan buga, wani baƙo ya zo da mota, ya hau, ya sauko, ko ruwa ba zai sha ba.

Wata shekara wani attajirin maƙwabcinmu ya dawo daga kudu ya shafe bangonsa na ƙasa da siminti. Unguwa ta yi ta zuwa kallo, ana shafawa ana cewa santsi. Ya aiko wa Baba buhu guda kyauta. Baba ya yi godiya, ya jingine buhun a gindin dalbejiya, har ya sha ruwa ya daskare ya zama kujerar alwala. Da aka yi damina kaɗan, wata rana da la'asar ya kama hannuna ya kai ni gindin bangon attajirin, ya ƙwanƙwasa shi da gaɓar yatsa. Sai na ji yana amo kamar ƙwaryar da ba komai a ciki. Muka dawo zaurenmu, ya ce in kafa kuncina a bango. Na kafa, na ji sanyi da ƙamshin ƙasa.

"Auta," ya ce, "ƙasa numfashi take yi. Ta sha ruwa da damina, ta fitar da shi da rani. In kin toshe mata baki da siminti, ruwa zai shiga ta tsaga ya rasa hanyar fita, ya ci ta daga ciki, waje kuwa fes. Kin ji?"

Na ce na ji. Damina ta gaba bangon attajirin ya zauna.

Yayana ba ya nan aka yi wannan. Tun yana ƙarami kawunmu ya ɗauke shi zuwa Kano ya koya masa cinikin yadi, sai da salla yake zuwa, da dugadugansa tas, bai taɓa sanin yadda ƙasa ke shiga tsakanin yatsun ƙafa ba. Mutumin kirki ne, ba zan ci amanarsa ba, hannunsa a buɗe yake, marayun danginmu duk a wuyansa suka tashi. Abu ɗaya ne ba ya so a duniya, a koya masa. Da Baba ya rasu ya dawo Damagaram ya riƙe gida, kuma babban wa uba ne, in ya yi magana an gama.

Ni kuwa aure ya kawo ni Greensboro, maigidana ya riga ni zuwa, ya kuma riga ni tafiya, Allah ya jiƙansa. Na rayu da kitso a wani shago, ina bin bas daga tashar cikin gari, yatsuna suna kumbura da sanyi. Farkon shekarun dubu biyu ne, lokacin da ake kankare katin waya da kwabo, a danna lambobi kamar ba za su ƙare ba, gaisuwa ta cinye rabin katin. A irin wannan waya ce matar Yaya ta tsegunta mini cewa an fitar da titi ta gaban gidanmu, wuri ya yi daraja, Yaya ya yanke zai rushe zaure ya jera butik, wato shaguna. Ta ce tsofaffin magina sun mutu, ba mai yin gayyar yaɓe, zauren ya fara zubar da fata. Ranar nan abinci bai shiga cikina ba. Amma me zan ce? Ni ƙanwa, ni mace, ni ina wata uwa duniya, in ɗaga waya in ce wa Yaya kada ka yi? A gidanmu ba a yi mana wannan tarbiyya ba.

Sai Allah ya kawo shi har inda nake. Matar ɗana na fari ta haihu, Yaya ya zo suna. Ɗan nawa sunan Baba gare shi, shi ya sa Abba nake ce masa, Yaya kuma ya ce masa Babana. Yana aiki a wani ofis a cikin gari, can ya kwaso cutar golf daga abokan aikinsa masu gidaje a Irving Park, unguwar masu kuɗi. Jakar sandunan nan a bayan motarsa take kwana, ya fi kula da ita fiye da takalman sallarsa. Bayan suna da 'yan kwanaki ya shigo ya ce, "Mama, wikend ɗin nan ina da golf da mutanen ofis a wani tsohon gari, kudu da nan, ba nisa. Akwai tsofaffin gidaje da ake zuwa kallo. In kuna so ku zo da Kawu, ya ga wuri."

Zuciyata ta ce ga dama. Gani ya kori ji. Ba sai na buɗe baki na yi rashin kunya ba, zan kai Yaya ya ga yadda Turawa, da duk injinansu da dogayen benayensu, suke riƙe tsohon gidan kakanninsu kamar ƙwai. Hannunka mai sanda zan yi masa, shi da kansa ya gane. Na soya kaji, na yi dambu, na cika kula. Yaya ya sha babbar rigarsa mai ruwan bula, ya ɗora hula, ya fesa turare kamar mai zuwa ɗaurin aure. Abba ya dube shi, ya dubi nasa guntun wandon.

Garin ƙarami ne, a cikin dogayen itatuwan nan masu ganye kamar allura. Gidajen katako ne farare tas, da baranda da kujerun lilo, hanyoyin ƙafa na jan bulo, kowane gida da ɗan allon ƙarfe a gabansa mai faɗin tarihinsa. Shiru kake ji, ba yaro mai gudu, ba hayaƙin girki, sai tsofaffin Turawa biyu-biyu riƙe da kyamara. Muka shiga wani gida da aka gitta igiya a ƙofar ɗakunansa. Wata tsohuwar Baturiya mai farin gashi ta tare mu da fara'a, ita ke zagayawa da baƙi. Ta ce gidan ya haura shekara ɗari. Abba ya fassara. Yaya ya tsaya, ya ɗaga kai ya dubi rufin.

"Ashe sa'an zaurenmu ne," ya ce.

Na sunkuyar da kai don kada ya ga murnata. Ya ci gaba da shafa bangon yana jinjina farin fentin, yana cewa ko ƙuda ya sauka sai ya zame. Muka iso wurin murhun gidan, wani dogon gini na tsohon bulo, Baturiyar ta dafa shi ta shiga dogon bayani. Turancina na shagon kitso ne, amma na tsinci abin da na tsinta. Tana cewa ba sa yarda a gyara gidan da kayan zamani, in katako ya ruɓe irinsa ake nemowa, bulon nan kuma da irin kwaɓin mutanen da ake liƙe shi. Sai na ji ta ambaci siminti, kalmar da ko a wane harshe na san ta, tana girgiza kai, tana nuna yadda danshi ke maƙalewa a ciki. Maganar Baba ce a bakin Baturiya. Na zunguri Abba.

"Fassara wa kawunka. Duka."

Idonsa na kan agogo. "Ta ce suna kula da shi sosai, Kawu. Doka ta hana a rushe. Suna masa fenti."

"Duk wannan doguwar maganar ita ce fenti?" na ce.

"Mama, filis, za mu makara. In lokacinmu ya wuce wasu za a ba."

Ya tasa mu gaba kamar awaki. Na waiwaya, Baturiyar tana ɗaga mana hannu. Har yau in na tuna wannan agogon na Abba sai in ji kamar in ciro shi in jefa a rijiya.

A filin golf ma sai da aka yi cirko-cirko a ƙofa, don wani saurayi mai riƙe da rediyon hannu ya dubi babbar rigar Yaya da mayafina ya rasa inda zai sa mu. Abba ya yi ta magana ƙasa-ƙasa, a ƙarshe aka yarda mu bi su a matsayin 'yan kallo cikin wata 'yar motar lantarki mara ƙofa. Na ce alhamdu lillahi, ga ni ga Yaya a kujera ɗaya, zan lallaɓa in ƙarasa masa abin da Baturiya ta faɗa. Ashe ban san wasan da na zo ba. Wasa ne da ake yi kamar zaman makoki. Ƙattin mutane su tsaya a kan 'yar farar ƙwallo kamar ƙwan zabo, su leƙa, su tsuguna, su gwada, su fasa, kuma duk duniya sai ta yi shiru. Da na ce, "Yaya, ka ji abin da matar nan ta ce game da…" sai Abba ya juyo da yatsa a baki. Na haɗiye. Aka buga, aka matsa gaba, na sake ɗaukowa, wani ya sake tsayawa a kan ƙwallonsa, aka sake harararmu. Ni da na haife shi, yau ni yake cewa in yi shiru a gaban mutane.

Yaya kuma hankalinsa ya tafi wani wuri. Ya sauka daga motar, ya durƙusa, ya shafa ciyawar, ya tsinko kaɗan ya sansana.

"Babana, duk wannan ciyawa, ko akuya ɗaya babu?"

"Babu, Kawu. Ana ba ta ruwa ne, a aske ta."

"A kai wa dabbobi?"

"A zubar."

"Inna lillahi," in ji Yaya. "Bon, shi ke nan. Allah ya ba wasu haƙora, ya ba wasu nama."

Ana cikin haka wata ƙwallo ta taho daga wani ɓangare ta gangaro kusa da mu. Kafin kowa ya ankara Yaya ya tsince ta, ya goge da hannun rigarsa, ya taka har wurin wani jibgegen Bature da ke tahowa yana dube-dube, ya yi masa sallama, ya miƙa masa da hannu biyu. Fuskar mutumin ta yi ja kamar gauta. Abba ya ruga yana ba da haƙuri, abokan aikinsa suka juya baya kafaɗunsu na rawa. Da aka gaya wa Yaya cewa ba a taɓa ƙwallon wani, ya buɗe hannu ya ce, "To in ba ya son ta, don me yake bin ta tun ɗazu?" Ko ni da raina ke ɓace sai da na dara.

Da azahar ta yi muka bar su da wasansu, muka koma gindin itatuwa bayan wurin ajiye motoci. Yaya ya shimfiɗa babbar rigarsa ya yi salla, na yi tawa a bayansa, na buɗe kula. Ya ci kaza, ya sha ruwa, ya daɗe yana kallon fararen gidajen da ake hangowa ta tsakanin itatuwa. Na gyara zama, na ce yanzu ko ba yanzu ba. Sai ya riga ni.

"Auta, na san abin da ya sa kika kawo ni nan. Golf ɗin Babana bai dame ki ba."

Na shiga wasa da bakin mayafi.

"Na gane. Mutanen nan ba su fi mu uba ba. In sun riƙe na kakanninsu, ni ma zan riƙe namu. Zaure ba zai faɗi a hannuna ba, na yi miki alkawari."

Hawaye suka zubo mini. Na yi godiya, na yi addu'a, sannan na ce, "Sai dai Yaya, maganar gyaran, ka san Baba yakan ce…"

Ya ɗaga hannu. "Na ce na gane. Bar mini sauran."

To, wanda ya tashi a irin gidanmu ya san abin da wannan hannun ke nufi. Babba ya sauko daga kan bakansa, ya ba ka abin da ba ka ma roƙa da baki ba, ya ce ya gane. In ka ƙara kalma ɗaya a kai, ka ce masa bai gane ba ke nan, ka mayar da kyautarsa abin ciniki. Na rufe bakina. Muka dawo Greensboro ina ta murna a bayan mota, har na yafe wa Abba agogonsa, ina ganin na yi dabarar da ba a taɓa yi ba.

Bayan wasu watanni wani ɗan garinmu ya dawo daga gida ya kawo mini ambulan na hotuna har shago. Ina tsakiyar kitso na buɗe. Da farko ban gane wurin ba. Wani farin gini ne tas, yana ƙyalli a rana, an shafe shi da siminti ciki da waje, tun daga tushe har kan zankwaye, an bi shi da farin fenti. A gefen ƙofa an manna ɗan allon ƙarfe da sunan kakanmu. Yaya yana tsaye a gaba cikin rigar nan mai ruwan bula, yana murmushin wanda ya cika alkawari. Hoton ciki ne ya sa na zauna. Bangon Baba ya zama sumul, ba layi ko ɗaya. Matar da nake wa kitso ta tambaye ni ko rasuwa aka yi.

Na sayi kati, na kankare, na kira. Yaya ya ɗauka da murna.

"Kin gani? Irin na Turawan nan sak! Yanzu ba sauran wahalar yaɓe, an huta har abada. Mutane har daga wasu unguwanni suke zuwa kallo."

"Yaya, siminti ka sa."

"Mai kyau ma kuwa. Ban yi ƙwauro ba."

Ranar nan kunyar ta ƙare mini. Na gaya masa bangon attajiri, na gaya masa abin da Baba ya ce, na gaya masa abin da Baturiya ta faɗa wanda ba a fassara masa ba. Na roƙe shi ya sa a ɓamɓare tun damina ba ta zo ba.

"Ke kika kai ni na gani da idona," ya ce. "Na fasa butik saboda ke. Na yi miki abin da kike so, yanzu kuma kin fi ni sanin gidan ubana daga Amurka? Dakor, na ji. Na gode."

Ya ajiye. Muka daɗe ba ma wuce gaisuwa. Na aika ta bakin matarsa, na aika ta bakin limamin unguwa, ba wanda ya iya tunkararsa, kuma kowa cewa yake ai ginin ya yi kyau, me tsohuwar nan take nema. Abba ya ce mini, "Mama, ki kwantar da hankalinki, siminti ai ya fi ƙarfi." Na dube shi kawai, mai sunan magini guda. Duk damina in na ji an ce an yi ruwa mai yawa a Damagaram sai in kwana ina tunanin zauren. Garin neman gira na rasa ido, kuma ina ji ina gani, ba yadda zan yi. Da na bar shi ya rushe ya yi shagunansa, da aƙalla an kwashe azarorin kakanmu da mutunci.

Bai kai damina da yawa ba. Wata rana da hantsi, bayan an kwana biyu ana ruwa, zauren ya zauna. Allah ya kiyaye ba kowa a ciki. Waɗanda suka gani sun ce ƙasar ce ta sulale daga ciki ta zama kunu, farin simintin ya ɗan tsaya shi kaɗai kamar ɓawon ƙwai, sannan ya bi ta. Matar Yaya ce ta kira ni. Ban yi kuka ba a lokacin, haushi ya hana ni.

Sai da shekara ta zagayo na je gida. Shagunan da na guda suna nan a jere inda zauren yake, ana sayar da katin waya da man babur. Yaya ya tsufa ƙwarai, rigarsa ta yi masa yawa. Muka gaisa kamar baƙi. Da aka watse ya kira ni ɗakinsa, ya zauna a bakin gado, ya daɗe bai dube ni ba.

"Auta, ranar nan a gindin itatuwa, me ya hana ki faɗa mini?"

"Na fara, Yaya. Kai ka ce ka gane."

"To ai babba ba ya cewa bai gane ba," ya ce. "Ke ma kin sani."

Na sani mana. Shi ne ma abin haushin. Shi ya yi abin da aka koya masa, ni na yi abin da aka koya mini, ba wanda ya yi rashin kunya, zauren kuma ya tafi.

Ya sunkuya ya jawo wani abu daga ƙarƙashin gado, naɗe cikin tsohon rawani. Ɓallin siminti ne, faɗinsa kamar faifai, fuskarsa fara. Ya ce a cikin ɓaraguzai ya tsince shi, daga bangon ciki. Ya juya mini bayansa. Ashe lokacin da aka shafa simintin ɗanye, ya shiga cikin sawun yatsun Baba ya ɗauki siffarsu. Layukan suna nan, da ɗan karkacewar da hannunsa ke yi in ya kusa kusurwa, sai dai a juye. Inda yatsansa ya nutse a ƙasa, nan siminti ya tudu.

Na ɗora hannuna in bi sawun kamar yadda na saba ina yarinya, yatsuna suka rasa inda za su shiga. Sai kawai na riƙe tudun, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda nake riƙe yatsunsa in zai tsallakar da ni lungu da damina. Yaya yana kallona, hawaye na bin gemunsa. Ban san sanda na ɗaga ɓallin na kafa kuncina a kai ba.

"Kina jin wani abu?" ya tambaya.

Wannan karon ban yi masa hannunka mai sanda ba.

"A'a, Yaya," na ce. "Ba ya numfashi."